Za mu koma sabon fili: in jera injina iri-iri kamar da, ko in haɗa su rukuni-rukuni?

Ɗan Gidan Maƙera ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena masu sana'ar ƙarfe, da injiniyoyin da ke wannan zaure.

Muna da shagon ƙera injinan niƙa a Kano, ta wajen Dakata. Mahaifina ne ya kafa shi, yanzu ƙarfinsa ya ja baya, ragamar ta dawo hannuna. Abin da muka fi yi shi ne injin niƙan gari mai haƙora, sai injin sussukar masara idan kaka ta gabato. Mun samu fili mafi girma, za a zuba sabon daɓe a ja sabuwar waya, kuma kowa a nan ya san idan aka dasa injin tonin, wato injin da ke fere ƙarfe yana juya shi, a siminti ba a sake ɗaga shi da wasa. Shi ya sa nake son in yanke shawara kafin magina su fara.

Yadda muke yanzu, kowane iri yana wurinsa. Injinan tonin biyu da milin ɗaya, wato injin sassaƙa ƙarfe mai wuƙa mai juyawa, suna jikin bangon gabas. Injinan huda uku suna ƙarƙashin rumfa. Masu walda huɗu suna can baya a fili. Almakashin yankan faranti da injin lanƙwasa suna bakin ƙofa, zarto kuma yana kusa da sito. Tsarin yana da kyan gani, baƙo in ya shigo sai ya yaba. Amma ku ɗauki murfin injin niƙa kaɗai: a yanke shi a bakin ƙofa, a lanƙwasa, a ɗauka a baro zuwa rumfa a huda, ya zauna nan yana jiran a gama da fuli, wato gargaren da bel ke hawa, sannan a tura shi baya wajen walda. Yaran shago sun fi ɓata lokaci a kan tura baro fiye da koyon aiki. Ko'ina ka duba tarin kayan da ba a ƙarasa ba ne. Idan rami ya kauce a murfi, mai walda ya ce mai huda ne, mai huda ya ce a karkace aka lanƙwaso masa, kuma kafin a gane an riga an yi guda ashirin a haka.

Wani ɗan'uwana da ya karanci injiniyanci ya ce mini akwai tsarin da ake haɗa injina mabambanta wuri ɗaya, su zama rukuni, kowane rukuni ya riƙe dangin kayan da zai fara ya ƙarasa da kansa. Na fahimci manufar, amma ban ga ta inda zan kama ba. Wane inji zai zauna da wane? Kuma ƙaramin shago irin namu zai amfana, ko sai manyan masana'antu?

Ga manyan kayan da muke yi da inda kowanne yake bi:

Shaf (sandar ƙarfe mai juyawa): zarto, tonin, milin
Mazubi: almakashi, lanƙwasa, walda
Fuli: tonin, milin, huda
Ƙafafun inji: zarto, huda, walda
Murfi: almakashi, lanƙwasa, huda, walda
Gidan boris: zarto, tonin, huda
Haƙoran niƙa: zarto, huda
Rariya: almakashi, huda, lanƙwasa
Bushin (zoben da shaf ke juyawa a ciki): zarto, tonin

Fenti da harhaɗawa duk a ƙarshe suke, a wuri ɗaya. Allah ya saka da alheri ga duk wanda ya ba ni haske.

Injiniya daga Zariya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka riga ka yi rabin aikin ba tare da ka sani ba, domin jerin nan da ka kawo na hanyar da kowane kaya yake bi shi ne tushen komai. Mutane da yawa suna farawa da kallon siffar kaya, su ce wannan zagayayye ne, wancan shimfiɗaɗɗe ne, sai su raba dangi a haka. Akwai wannan hanya, kuma tana da tarihi. A Jamus, Farfesa Herwart Opitz na jami'ar Aachen ya tsara lambobi masu alƙaluma 9 da ake liƙa wa kowane kaya: biyar na farko suna bayyana siffarsa, huɗu na baya suna faɗin girma da irin ƙarfe da makamantansu. Tana da amfani a kamfanin da ke da zanen kaya dubbai. Amma wani Bature ɗan Ingila, John Burbidge, tun farkon shekarun 1960 ya nace cewa idan rukunin injina kake nema, ka bi sawun kayan a cikin shago, kada ka tsaya kan kamanninsu. Kaya biyu suna iya kama da juna a ido amma injinan da suke bi daban, wasu kuma ba su yi kama ba ko kaɗan amma hanyarsu ɗaya. Dubi naka: ƙafafun inji da haƙoran niƙa ba abin da ya haɗa su a siffa, amma duka biyun zarto da huda suke fara bi.

Ga yadda za ka yi. Zana jadawali, injina 7 a kwance, kaya 9 a tsaye. Inda kaya ya bi ta inji ka sa 1, inda bai bi ba ka bar shi fayau. Da farko za ka ga alƙaluman a warwatse. Aikin shi ne a yi ta sauya jerin layukan har su taru dunƙule-dunƙule. Akwai dabarar da wani masani mai suna J. R. King ya fitar a 1980 wadda ko da biro da takarda za ka iya, balle da Excel.

Ka ba kayan nauyi bisa jerin da ka rubuto su, kowanne rabin na gabansa: shaf 256, mazubi 128, fuli 64, ƙafafu 32, murfi 16, gidan boris 8, haƙora 4, rariya 2, bushin 1. Sai ka tara wa kowane inji nauyin kayan da suke bi ta kansa. Na yi maka: tonin 329, milin 320, zarto 301, walda 176, almakashi 146, lanƙwasa 146, huda 126. Ka jera injinan daga babba zuwa ƙarami. Yanzu ka juya, injinan su karɓi nauyi bisa sabon jerinsu, 64, 32, 16, har zuwa 1, ka tara wa kowane kaya nasa, ka sake jera kayan. Haka za ka yi ta yi, kwance da tsaye, har jerin ya daina motsi. Naka bai daɗe ba ya tsaya. Injinan suka zauna haka: tonin, milin, zarto, huda, walda, almakashi, lanƙwasa. Kayan kuma: shaf, fuli, gidan boris, bushin, ƙafafu, haƙora, murfi, rariya, mazubi.

In ka sake zana jadawalin da wannan jeri, dunƙule biyu za su fito fili. Na sama: tonin da milin da zarto da huda, suna riƙe da shaf, fuli, gidan boris, bushin, ƙafafu da haƙora. Na ƙasa: walda da almakashi da lanƙwasa, suna riƙe da murfi, rariya da mazubi. Alƙaluma uku ne kawai suka faɗo waje: murfi yana buƙatar huda, rariya tana buƙatar huda, ƙafafu suna buƙatar walda. Waɗannan ukun su ne ainihin matsalarka, sauran duk sun warware kansu.

Don ka ƙara gamsuwa, akwai awo na biyu wanda wani masani mai suna McAuley ya kawo cikin wannan fanni a 1972. Ka ɗauki injina biyu, ka ƙirga kayan da suke bi ta dukkansu, ka raba da yawan kayan da suke bi ta ko da ɗaya daga cikinsu. Almakashi da lanƙwasa: 3 cikin 3, wato ba sa rabuwa, ka ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Tonin da zarto: 3 cikin 6. Tonin da walda: sifili, ba abin da ya haɗa su. To amma dubi huda. Shi da tonin 2 cikin 8 ne, shi da lanƙwasa 2 cikin 7. Kusan daidai. Ma'ana huda ba na kowa ba ne, kowa yana buƙatarsa kaɗan-kaɗan, kuma shi ya sa rumfar nan taka ta zama mahaɗar da kaya suke cunkushewa. Sa'ar da ka yi ita ce guda uku gare ka. Rushe rumfar huda gaba ɗaya, ka raba su. Da ka kai guda ɗaya gefen lanƙwasa, murfi da rariya sun daina fita daga rukuninsu. Saura ƙafafu, su kuma sai na ji yawan da kuke yi kafin in ce wani abu.

Batun ko ƙaramin shago zai amfana: tsarin nan asalinsa don masu yin kaya iri-iri kaɗan-kaɗan aka yi shi. Mai yin abu ɗaya dubu ɗari layi guda yake shimfiɗawa, ba ya buƙatar wannan lissafi. Tun 1925 Ralph Flanders ya bayyana yadda suka tsara aiki bisa dangin kaya a kamfanin ƙera injina na Jones and Lamson a Amurka, sannan wani masani mai suna Mitrofanov a birnin Leningrad na Tarayyar Soviet ya shimfiɗa ka'idojin abin a 1959. Matsalar da suka fuskanta irin taka ce, kaya suna yawo suna jira, inji yana cin lokaci wajen saiti fiye da wajen yanka.

Tsohon Tona ya rubuta:

Ɗana, Allah ya ƙara wa mahaifinka lafiya. Na yi shekaru ina kan injin tonin a wata masana'anta a Kakuri kafin ta rufe, daga baya na buɗe nawa. Lissafin Injiniya ban da abin cewa a kansa, ya fi ni sanin wannan. Amma akwai abubuwan da jadawali ba ya gani, kuma su ne suke kayar da mutum.

Mahaifinka bai jera injinan nan iri-iri don ado ba. Ya kai walda baya ne saboda tartsatsi da hasken da ke kashe ido, da ƙurar dutsen guga. Ƙurar nan in ta sauka a kan gadon injin tonin ta haɗu da mai, ta zama kamar sanfefa, tana cin gadon a hankali, bayan shekara biyu ka ga shaf yana fitowa da kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Na ji daɗi da lissafin ya nuna tonin da walda ba su da haɗi. Amma ko da rukuni biyu ka yi, ka sa bango ko labulen kwano tsakaninsu, kuma ka lura da inda iska take kaɗawa lokacin hunturu. Injin hudar da za ka kai wajen masu walda kuwa, ka zaɓi wanda ya fi tsufa, ka bar mai kyan a wajen fuli da gidan boris inda ake son rami ya zauna daidai.

Na biyu, mutane. Tona, wato mai aiki a injin tonin, yana ganin kansa sama da mai huda, haka muka taso. Ranar da ka ce wa babban tonanka idan ya gama fere gidan boris ya juya ya huda shi da kansa, zai ji kamar ka rage masa daraja. In kuwa kowa ya tsaya kan injinsa ɗaya kamar da, to ka matsar da ƙarafa ne kawai, ba abin da ya sauya. Sannan yaya kake biyansu? In da guda-guda kake biya, tona zai ci gaba da fere bushin ɗari ya tara, ko da shaf ake jira, don bushin ya fi saurin kawo masa kuɗi.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna. Yau in injin huda ɗaya ya ƙone, akwai biyu a gefensa, aiki bai tsaya ba. In ka raba su, ranar da na rukunin faranti ya tsaya, murfi da rariya sun tsaya. Kuma yau mai huda ɗaya ƙwararre yana sa ido kan yara biyu a rumfa ɗaya, bakin huda da ma'auni duk a akwati ɗaya. Gobe sai ka sayi saiti biyu ko uku. Ka lissafa wannan kuɗin tun yanzu.

Ban ce kada ka yi ba. Na ce ka shiga da idonka biyu.

Hajiya Mai Ƙofofi ta rubuta:

Baba Tsohon Tona, ina gaisuwa, kuma duk abin da ka faɗa na gan shi da idona. Ni ƙofofi da tagogin ƙarfe muke yi a Kaduna, kuma mun koma tsarin rukuni, don haka bari in faɗa wa ƙanena abin da ya faru a wajenmu.

Tsarin iri-iri kamar babbar kasuwa yake, layin 'yan hatsi daban, na 'yan nama daban, na kayan miya can wani gefe. Yana da daɗi ga mai kula da kasuwa, amma mai son dafa tukunya ɗaya sai ta zaga ko'ina. Mu da muke shago, tukunyar muke sayarwa, wato injin da aka gama ko ƙofar da aka gama. Ba mai biyanka don injin tonin ɗinka bai huta ba.

A nan ne mutane suke tsorata. Da ka raba injina rukuni-rukuni, za ka riƙa ganin wani inji a tsaye ba ya aiki, zuciyarka ta ce asara kake yi. Ni ma ta faɗa mini haka. Amma ka tambayi kanka wanne ya fi tsada, injin huda da ya huta awa biyu, ko farantin ƙarfen da ka saya da kuɗin yau ya kwanta sati biyu a ƙasa rabi-da-rabi, yana tsatsa, mai kaya yana kiran waya? Da farashin ƙarfe yadda yake a yanzu, kayan da ke kwance a daɓe su ne jarinka da aka ɗaure.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun kuskure. Da can sai an yanke tulin ƙarfe an kai wajen walda ake gane awo ya kauce. Yanzu mai yanka da mai walda taku uku ne tsakaninsu, na farko in bai zauna ba a take za a ce masa dakata. Asarar guda ɗaya ce maimakon tuli. Kuma gardamar wa ya ɓata ta mutu, don ƙofar ta rukunin ce tun daga yanka har gogewa.

Kan biyan kuɗi, Baba ya yi gaskiya ɗari bisa ɗari. Sai da na daina biyan kowa bisa abin da hannunsa ya taɓa, na koma biyan rukuni bisa abin da ya fita cikakke, su raba gwargwadon matsayinsu, babba ya fi yaro. Wata na farko an yi ta gunaguni. Wani babban mai waldana ya tafi, ban ji daɗi ba don mutumin kirki ne, amma ya ce shi ba zai riƙe abin guga ba. Waɗanda suka zauna kuwa, yaran cikinsu sun koyi aiki uku a lokacin da da ɗaya za su koya. Kuma wannan turjiya ba a kanmu aka fara ba. A kamfanin Toyota, lokacin da Taiichi Ohno ya fara sa ma'aikaci ɗaya ya kula da injina biyu a 1947, daga baya uku ko huɗu da aka jera kamar kofaton doki, ƙwararrun ma'aikatansu ma ba su karɓa da daɗi ba. Ka zauna da tonanka tun kafin a zuba daɓe, ka nuna masa shi zai zama shugaban rukunin, shaf da fuli da gidan boris duk a ƙarƙashinsa. Girma ka ƙara masa, ka tabbata ya ji haka daga bakinka, kuma ya gani a aljihunsa.

Jerin kofaton dokin nan ka yi amfani da shi. Ƙarfe ya shiga ta baki ɗaya, ya zagaya, ya fito ta bakin da ke kusa da inda ya shiga, mutane suna ciki. Ba baro, sai ɗan tebur mai taya.

Ɗan Gidan Maƙera ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Injiniya, na zana jadawalin a bayan kalanda kamar yadda ka ce, na kai wa mahaifina. Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa a kan huda ya ce dama tun da can nan ne ake faɗa kullum. Ya amince a raba su, amma ya goyi bayan Baba Tsohon Tona kan bango, ya ce walda ba za ta kwana ɗaki ɗaya da tonin ba muddin yana da rai.

Ka tambayi yawan ƙafafu. Kowane inji da muka sayar yana da ƙafafunsa, kuma aikin ba kaɗan ba ne, angul ne, wato ƙarfe mai kusurwa, ake yankawa gunduwa-gunduwa da yawa, a huda, a haɗa da walda. Cikin masu walda huɗu, biyu kusan kullum a kan ƙafafu suke. Haƙoran niƙa kuma su ne abin da muka fi yi da yawa, domin suna cinyewa, masu injin niƙa daga ƙauyuka suna zuwa saye a kai a kai ko ba su sayi sabon inji ba. Zarton nan ɗaya shi ke yanka rodin shaf, shi ke yanka angul, shi ke yanka ƙarfen haƙora, kuma sau da yawa tona yana zaune yana jiran a gama yankan angul kafin a yanko masa rodi.

To a nan na tsaya. In bar ƙafafu a rukunin tonin su riƙa fita zuwa walda, ko in kai su rukunin faranti su riƙa zuwa neman zarto? Sannan lokacin kaka, idan aikin injin sussuka ya taso, kayan suna sauyawa, faranti da angul suna ƙaruwa sosai. Kada in dasa injina bisa lissafin rani, kaka ta zo ta rushe shi.

Hajiya, maganar biyan rukuni ta shige ni, amma ina so in fara da rukuni ɗaya in gani tukuna.

Injiniya daga Zariya ya rubuta:

Wannan bayanin da ka ƙara ya sauya amsar, kuma ya nuna iyakar dabarar da na ba ka. Jadawalin 1 da fayau bai san yawa ba. A wajensa bushin da ake yi jefi-jefi da haƙoran da ake yi kullum darajarsu ɗaya. Bai kuma san wane inji ake fara bi ba, bai san minti nawa kaya yake ci a kan inji ba. Yana nuna maka inda dangi suke ne kawai, sauran sai da awon lokaci.

Da abin da ka faɗa, ƙafafu da haƙora dangi ne na uku mai zaman kansa: kayan angul da ƙarfe mai faɗi, hanyarsu yanka da huda, ƙafafu su ƙara da walda. Lissafin ya cusa su cikin rukunin tonin ne don zarto ɗaya gare ka. Ba sa taɓa tonin, ba sa taɓa milin, zamansu a can cunkoso ne kawai. Ka ba su rukuninsu: injin huda na uku, masu walda biyun da dama aikinsu ke nan, da abin yanka nasu. Angul ba ya buƙatar zarto mai tsada, injin yanka mai faifan dutse ya isa, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na tonin ko milin ba. Ka'idar ita ce, idan inji mai araha ne yake sa kaya yawo tsakanin rukunai, a sayi na biyu. Idan mai tsada ne, kamar milin, a bar shi ɗaya a kawo masa aiki. Da haka injinan huda uku sun samu gida uku, zarton asali ya zama na rodi kaɗai, tona ya daina jira. Abu ɗaya za ka gwada kafin ka saya: faifan dutse yana zafafa bakin ƙarfe, ka yanka haƙora kaɗan da shi ka ga ko bakinsu ya yi yadda kuke so. In bai yi ba, haƙora su ci gaba da yankuwa a zarto a rana ɗaya da aka ware musu, a kai su rukuni na uku a tare.

Tsoron Baba na lalacewar inji gaskiya ne, kuma maganinsa a tsarin fili yake. Ka sa rukunin faranti da na angul su yi maƙwabtaka, injinan hudarsu su kasance a bakin iyaka, baya da baya. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ya ɗauki nauyi na kwana biyu. Wannan maƙwabtakar za ta yi maka maganin kaka ma, domin masu walda huɗun suna gefe ɗaya na bango, kana iya karkatar da uku zuwa inda aiki ya yi yawa. Injin walda da na huda ba a dasa su a siminti, don haka ka ja waya da soket fiye da buƙatarka ta yau a wannan ɓangaren. Waɗanda za ka dasa dindindin su ne tonin biyu, milin, almakashi da lanƙwasa. Kafin ka dasa su, ka rubuta hanyar kayan injin sussuka kamar yadda ka rubuta na niƙa, ka haɗa su jadawali ɗaya ka sake lissafin. Ina kyautata zaton dangin ukun nan za su sake fitowa, tunda shi ma shaf ne da faranti da angul, amma ka gani da idonka kafin magina su zo.

Akwai ribar da ba mu taɓo ba a rukunin tonin. Tunda biyu gare ka, ka ware ɗaya ga dogayen kaya irin shaf, ɗaya ga gajeru masu faɗi, fuli da gidan boris da bushin. Kowanne ya zauna da irin kamun da ya dace da danginsa da wuƙaƙensa a kusa, sai sauya saiti daga wannan kaya zuwa wancan ya zama ɗan gyara kaɗan. Da saiti ya yi sauƙi, ba ka da dalilin fere guda hamsin ka tara, sai ka yi biyar ɗin da injinan wannan satin suke buƙata. Fenti kuwa ka bar shi ɗaya a ƙarshe, nesa da tartsatsi, kowane rukuni ya kawo nasa wajen harhaɗawa.

Farawa da rukuni ɗaya shawara ce mai kyau. Ka fara da na faranti, shi ne wanda danginsa suka fi tsabta, kuma tun a tsohon shagon za ka iya gwadawa gobe: ka ɗauko injin huda ɗaya da na walda biyu ka kawo su kusa da lanƙwasa. Ka sa alli a kan murfi ɗaya ranar da aka yanke shi, ka duba ranar da ya isa fenti, yanzu da kuma bayan ka matsar.

Tsohon Tona ya rubuta:

Rukuni ukun nan ya kwanta mini fiye da biyun farko, Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ɗana, saura abu biyu. Faifan dutsen da za ka saya shi ma ƙura yake tayarwa, ya zauna can ɓangaren walda, bakinsa ya kalli waje. Sannan ka kira mai wayarin ɗinka ya zauna da wannan zanen kafin ya sayi waya ko ɗaya, domin injina masu cin wuta layi uku za su rabu gida biyu, kuma walda huɗu in suka kama lokaci ɗaya a kan janareta, tonin yana jin jijjigar a jikin aiki. A raba musu layi tun daga allon wuta.

Gwajin da za ka yi a bakin ƙofar tsohon shago, ka kafa kwano tsakanin masu walda da hanyar da mutane ke wucewa, saboda idon yara masu leƙe. In ka auna kwanakin murfin, ka dawo nan ka faɗa mana abin da ka samu, ina son in ji.